Tafkin ƙauye da sanyin hunturu: inda za ka tsaya, inda ba za ka taka ba

Tafkunan karkarar Jigawa, daga Wawan Rafi na Kazaure har fadamun Haɗejiya, sun fi daɗin ziyara tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Ruwa ya kwanta, hanya ta bushe, tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai sun sauka sun gauraya da na gida irin su kirinjijiya da zalɓe. Saboda su ne aka sanya dausayin Baturiya, da ke fadamun Haɗejiya, cikin dausayoyi masu muhimmanci a duniya a 2008. Ka isa da sassafe, rana a bayanka, ka zauna. Mai yawo a bakin ruwa korar su yake yi.

Kafin ka jefa ƙugiya, ka gaida sarkin ruwa. Wasu tafkunan a rufe suke sai ranar su, wato ranar da aka buɗe kamun kifi, kuma shi ya san inda aka kafa kalli, wato ragar kamun kifi.

Karfasa bakinta ƙarami ne, don haka ƙaramar ƙugiya da guntuwar tana sun isa. Ka ɗaura guntun kara kamu biyu sama da ƙugiyar, ka jefa gefen ganyen bado. Idan karan yana rawa, tsakura kawai take yi, kada ka fizga sai ya nutse. Tarwaɗa kuwa a ƙasa take kiwo, an fi samunta da magariba, da hanjin kaza da ɗan dutse ya ja zaren ƙasa. In kurungu ne ya kama, ka riƙe shi ta bayan ƙayoyin nan uku, don kafe su yake yi, sukarsu da zogi.

Wanka ne ba na ba kowa shawara. Gefen da kainuwa da kachala suka cika nan katantanwa take, ita ke sakin ƙwayar tsargiya, musamman da tsakar rana. Ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba, bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini. Wannan ba alamar balaga ba ce, cuta ce, kuma maganinta na asibiti.

Sai ramukan da aka haƙi ƙasar gini da rani: ruwa iya gwiwa, taku ɗaya ya shanye mutum, laka ta riƙe ƙafa. Ka riƙa caka sanda a gabanka, yara kuma su tsaya a tudu.