Abin da mai gyaran talabijin ya koya mini a Tudun Wada

A ƙarshen shekarar 2017, lokacin da sabon tsarin talabijin na dijital ya iso Kaduna, ina aiki a wani ƙaramin kamfanin talla. Muka samu aikin wayar da kan jama'a, ni kuma aka ɗora mini rubuta sanarwar da Hausa da bin mota zuwa unguwanni. Jos ta riga ta fara tun watan Afrilun 2016, Abuja ta bi sahu a Disambar wannan shekarar, don haka na ɗauka abin ba wuya: a faɗa wa mutane, su ji, su sayi dikoda.

Takardar da aka miƙo mini ta fara ne da yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a Geneva a 2006, da wa'adin 17 ga Yunin 2015 da aka ɗiba don barin tsohon tsari. Ta bayyana cewa zangon watsa shirye-shirye ta iska da a da yake ɗaukar tasha ɗaya yanzu zai ɗauki tashoshi da yawa, ragowar kuma a ba kamfanonin waya su faɗaɗa intanet. Duk gaskiya ne, kuma na yi kwana biyu ina gyara Hausarsa har ta yi daɗin ji. Muka naɗa, muka ɗora lasifika a kan mota.

Ranar farko a Kasuwar Barci, sanarwar ta zagaya sau uku kafin wani dattijo mai sayar da yadi ya yafito ni. Ya ce, "Ɗana, duk na ji. Akwatin da ke ɗakina zai mutu ne ko ba zai mutu ba?" Na ce, "Ba zai mutu ba, Baba, dikoda kawai za a haɗa masa." Sai ya gyara zama ya ce, "To nawa ne duk wata?"

Tambayoyin nan biyu su ne suka bi mu Kawo, suka bi mu Rigasa, kuma babu amsar ko ɗaya a farkon sanarwar da na rubuta. A kunnen mutanenmu, dikoda na nufin StarTimes ko GOtv, wato kuɗin wata, in ka makara a yanke. Dikodar FreeTV kuwa, wato ta sabon tsarin da muke tallatawa, a lokacin naira 1,500 ce a farashin da gwamnati ta sassauta, sai naira 1,000 sau ɗaya a shekara, ga tashoshi kusan 30. Wannan shi ne labarin da magidanci yake son ji, mu kuma mun ajiye shi can ƙarshe, bayan Geneva.

Wanda ya fitar da ni kunya wani mai gyaran rediyo da talabijin ne a Tudun Wada. Mun tsaya kusa da shagonsa, ya saurare mu ya ce, "Malam, kashe lasifikar nan, ba ni dikodar." Ya jawo wani tsohon akwati mai ƙeya daga ƙarƙashin teburi, ya hure ƙura, ya tayar da janareto. Ya fara kunna shi yadda aka saba, hoto dishi-dishi, mai karanta labarai yana rawa kamar inuwa a ruwa. Sannan ya ɗauko wayoyin nan uku, ja da fara da ruwan ɗorawa, ya soka kowace a raminta, ya cire wayar eriya daga bayan akwatin ya mayar jikin dikoda. Hoto ya fito tas. Wani yaro ya karɓi remot yana dannawa, mutane suna ƙirga tashoshi da baki. Cikin minti goma ya yi abin da muka kasa a kwana huɗu. Gani ya kori ji.

Bai tsaya nan ba, ya faɗa musu abin da mu muke ɓoyewa. Ya ce a tsohon tsari, in eriya ba ta kama sosai ba, kana iya lallaɓawa ka kalli hotonka ko da dishi-dishi ne. A sabon tsari babu tsaka-tsaki: ko ya fito garau, ko ya daskare ya ɗauke. Don haka wanda gidansa ke kwari ya ƙara wa eriyarsa tsawon gora. Na zaci wannan magana za ta kori masu saye, ashe ita ta sa suka yarda da sauran bayaninsa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar wa'adi. Sanarwata tana cewa a gaggauta kafin a rufe tsohon tsari. Wani malamin makaranta ya tare ni ya lissafo mini: an ce 2012, an ce 2015, an ce Yunin 2017, ga shi akwatinsa yana nan yana aiki. Ban da amsa, domin gaskiya ya faɗa. Tun daga ranar na cire barazana daga rubutuna. Mutumin da aka tsorata sau uku abin bai faru ba, ba zai ƙara razana ba, kuma zai haɗa har da gaskiyarka ya watsar.

Akwai kuma waɗanda ba mu kai gare su ba sam sai daga baya. Mu duka maza ne a motar, alhali masu yini da talabijin suna cikin gida. Sai da muka nemi mata biyu suka riƙa shiga gidajen suna da islamiyyun matan aure da dikoda a jaka.

Sanarwar da na sake rubutawa ba ta kai rabin ta farko ba. Ta fara da cewa akwatinka ba zai mutu ba, ta faɗi kuɗi, ta ce babu biyan wata, ta ce a je wurin mai gyara na unguwa ya haɗa. Kafin mu naɗa, na koma Tudun Wada na karanta masa ita a bakin shago. Ya ce in ƙara maganar gora, na ƙara.