Na sa wa motar Baba fawa sitiyari

Land Cruiser ɗin da Baba ya bar mana a-kori-kura ce ƙirar 1978, mai shan dizal. Da ita nake kwaso shinkafa daga fadamarmu ta Auyo zuwa Haɗeja, ran Lahadi kuma nakan leƙa kasuwar Gujungu. Injinta bai taɓa ba ni kunya ba. Sitiyarin ne ya cinye min kafaɗar dama. In ta sha kaya, na sa giyar taimako cikin taɓo, to sai na rungume shi da hannu biyu ina nishi kafin taya ta juya. Bara bayan girbi na kwana uku ban iya ɗaga buta ba.

Bakaniken da ya san motar tun zamanin Baba shi ya kawo shawarar a sa mata fawa sitiyari, wato wanda famfo ke tura mai ya taya hannu murɗa shi. Ya ce, "Alhaji ƙarami, akwatin sitiyarin Land Cruiser 60 za mu nema, wadda aka fara yi a 1980. Jininsu ɗaya." Muka shiga Kano, Ƙofar Ruwa, muka samo akwatin na gwanjo da famfonsa da tankin man sitiyarin. Tiyon da ke ɗaukar matsin mai kam sabo na sa aka haɗa, ban yarda da tsoho ba.

Na zaci kwance wannan ɗaura wancan ne. Ashe ba haka ba. Tsohon akwatin yana can baya kusa da ƙafar direba, ƙarfinsa sai ya bi ta sanduna da wani hannu na tsakiya kafin ya isa taya, shi ya sa wasa ya yi masa yawa. Sabon kuwa gaba yake zama, a jikin shasi, kusa da lagireto. Dole aka yi masa sabuwar sanda mai gwiwa biyu, aka ƙera wa famfon mazauni a jikin inji, aka yi ta gwaji har bel ya miƙe daidai da fuli.

Wurin shasi ne muka ja da mai walda. Shi yana so ya huda ya ɗaure kawai. Maigidan garejin ya ce sam, ƙarfin da kafaɗata ke sha a da bai ɓace ba, kan wannan ƙarfen ya koma, kuma ƙarfen ya haura shekara 40. Aka yi masa faci da farantin ƙarfe mai kauri ciki da waje, aka zura bututu a kowace huda don kada ƙusa ta matse shasin. Kwana biyu wannan kaɗai ya ci, kuma a duk cikin aikin, a nan ne ban ji zafin kuɗina ba.

Aka zuba jan mai irin na giyar otomatik, aka ɗaga gaba a jak, ana juyawa dama da hagu har kumfa ya daina tasowa.

Abin da ban shirya masa ba shi ne hannuna ya daina jin ƙasa. A da in taya ta kafe a rami, sitiyarin ke faɗa min, sai in dakata. Yanzu famfo zai tura ko da sanda za ta lanƙwashe. Don haka ba na murɗa shi mota na tsaye cikin laka, sai ta ɗan motsa, kuma ba na danne shi a ƙarshe har ya fara kuka. Ƙanena ma na hana shi motar tukuna, sai mun yi damina ɗaya tare yana gefena. Kowace asuba kafin in tayar, nakan durƙusa da tocila in duba ƙusoshin nan da gefen waldar ko akwai tsaga.