Allon karrama masu ɗinki a gefen titi: me zai yi ƙarko a Kaduna?

A birnin New York na Amurka akwai unguwar da aka sani da harkar tufafi, kuma titin Seventh Avenue ne ƙashin bayanta. A shekarar 2000 ƙungiyar 'yan kasuwar unguwar ta fara dasa alluna zagayayyu na tagulla a hanyar masu tafiya da ƙafa, tsakanin layi na 35 da na 41, don karrama gwanayen zayyana tufafi. Kowane allo faɗinsa ƙafa biyu da rabi, da zanen riga, da sa hannun mai shi, da taƙaitaccen bayanin abin da ya kawo wa sana'ar. Mutum takwas aka fara da su, cikinsu har da Calvin Klein da Ralph Lauren da Claire McCardell.

Idan akwai garin da ya cancanci irin wannan a Arewa, Kaduna ce. A Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, daga baya masaƙun Nortex da United Nigerian Textiles (UNTL) da Arewa Textiles suka biyo, dubban iyalai suka ci abinci daga zare. Ga teloli da masu aikin wuyan riga da 'yan yadi na Kasuwar Barci da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Sai dai wanda ya kwaso tsarin New York ɗungurungum ya zube shi a nan, asarar kuɗi zai yi.

A fara da tagullar. Allo mai faɗin santimita 75 da kaurin santimita 1 nauyinsa zai kai kilo 39. Duk wanda ya ga yadda murafun magudanar ruwa ke ɓacewa cikin dare ya san ƙaddarar irin wannan ƙarfe idan aka bar shi a fili: 'yan jari bola. Dutse ya fi, musamman baƙin dutse mai kaurin santimita 5 zuwa sama, domin ba shi da kasuwa a wurin masu awon ƙarfe. A sassaƙa rubutun ciki, zurfin milimita 3, kada a yi shi tudu, saboda takalmi da yashi suna cinye harafin da ya fito waje. Kuma kada a goge fuskar dutsen ta yi sheƙi. Kyau ne a ido, amma ruwan Agusta na sauka sai ta koma santsi, tsohuwa ta zame ta karye. Idan dole sai an ga ƙarfe, a tsaya kan siririn zobe a gefe. Maƙeran kasuwar Panteka ta Kaduna za su iya zuba shi, na Bida kuwa tagulla gadonsu ce.

Yawancin lalacewa daga ƙasa take farawa, ba daga fuska ba. Ana haƙa rami mai zurfin da ya ɗara santimita 30, a daddaɓe jar ƙasa, a zuba tsakuwa santimita 10, sannan kankare santimita 15 a haɗin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Sauran wurin na allon ne da simintin da zai zauna a kai. Wajibi simintin ya cika ƙasan allon baki ɗaya. Magina masu gaggawa sukan ɗiga shi a kusurwa huɗu su bar tsakiya fanko, ranar da mai Keke Napep ya hau sai dutsen ya dare biyu. Ƙusoshin da za su riƙe shi su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, domin rodi idan ya haɗu da tagulla ga danshi, shi ne ke saurin cinyewa, ya kumbura, ya fasa kankaren. Bakin allon ya yi daidai da daɓen. Ya ɗara da rabin santimita, tuntuɓe. Ya nutse, ruwa da laka su kwanta a kansa. Bayan an gama a rufe da jiƙaƙƙen buhu ana yayyafa ruwa kwana 7, musamman da hunturu, lokacin da iska ke busar da siminti kafin ya yi ƙarfi. Izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, kuwa tun kafin a sa diga ake nemansa.

Amma duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da maganar suna. Manyan telolinmu da yawa Muhammadu ne, Abdullahi, Abdurrahman. Ba wanda zai yarda a shimfiɗa waɗannan sunaye a ƙasa ana takawa, kuma da gaskiyarsa. Ko a Amurka an taɓa cin karo da wannan: da aka ba ɗan dambe Muhammad Ali tauraro a Hollywood a 2002, a bango aka kafa nasa, domin bai amince a taka sunan Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ba. A ganina a raba abin biyu. A ƙasa a sa abin da ya shafi aiki kaɗai: zanen aska takwas, ko almakashi, ko keken ɗinki, da shekarun da mutum ya yi yana sana'a. Sunan da tarihinsa su hau bango ko ɗan ginshiƙi mai tsayin ƙugu daf da wurin, da Hausa da Turanci, har da ajami. Hakan ya kuma kauce wa wata matsalar, domin gefen titi a bakin kasuwa ba ya zama fili: mai tebur ya kafa, mai babur ya jingine, rubutun ƙasa ya ɓuya.

Zaɓen waɗanda za a karrama a bar shi hannun ƙungiyoyin teloli da tsofaffin ma'aikatan masaƙa, ba ofishin wani ba. Su suka san wanda ya yaye almajirai, da matar da ta ɗinka wa amaren unguwa guda daga cikin ɗakinta a Tudun Wada.