Tarihin Rayuwata, Kashi na Huɗu: Kukan da Inna Ta Gane

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. A makon jiya na tsaya a inda Kawu, ƙanen Inna, ya shawo kanta ta yarda a sa ni a fim, alhali Baba yana Duwala wajen sarin atamfa, bai san wainar da ake toyawa ba. Wasu sun tambayi shekaruna a lokacin. Tara ne. Inna ba ta riƙe kwanan wata, amma kullum takan ce an haife ni shekarar da aka karya darajar sefa, wato 1994. Abin da zan ba da labarinsa yau kuwa a watan Afrilun 2003 ya faru, ina aji CM1, wato aji biyar na firamare, muna cikin hutun zango na biyu.

Wanda bai taɓa zaman Garwa, can arewacin Kamaru, a watan Afrilu ba, da sauransa a sanin zafi. Binuwai ya ja baya ya bar yashi, ruwan randa kamar an ɗora a wuta, dare ya yi kowa ya ja tabarmarsa tsakar gida. Cikin wannan yanayin aka kwashe mu a bayan babura zuwa wani ƙauye a kan hanyar Pitowa, inda ake hango duwatsun Tingilin. A nan aka ari gidan wani dattijo mai bukkoki uku da rumbu.

Kada ku ɗauka wani babban kamfani ne. Daraktan saurayi ne ɗan unguwarmu da ya yi shekara biyu a Kano yana bin masu fim, ya dawo da ƙudurin sai Garwa ma ta yi nata. Mai kyamarar kuwa sana'arsa ɗaukar biki da suna. Kyamara ɗaya ce, irin wadda ake saɓawa a kafaɗa, da batir biyu. Wani yaro yana riƙe da faffaɗan kwali da aka manna wa takarda mai ƙyalli, yana juya hasken rana zuwa fuskar mai magana. Ba a ba kowa rubutaccen labari ba. Darakta zai tsaya gabanka ya faɗa maka abin da za ka ce, ka maimaita sau biyu, a ɗauka.

Ni marainiya na fito, wadda uwarta ta rasu ta bar ta hannun kishiya. Matar da ta fito a kishiyar, Allah ya jiƙanta, ban taɓa ganin mai tausayi irinta ba. Kullum da safe sai ta zo mini da kunun gyaɗa da makala a leda. In ta ɗaga murya a kaina gaban kyamara, da an ce a tsaya sai ta jawo ni jikinta tana cewa, "'Yata, kin san wasa ne ko?"

Wahalata ta farko harshe ne. Mu yaran Garwa da Hausa muke magana a gida, a kasuwa da layi Fulatanci, a makaranta Faransanci, kuma bakinmu ba ya tsayawa ya tace wanne ne wanne. A fitowata ta farko, da kishiyar ta ɗauko muciya, sai na durƙusa na ce, "Pardon, Gwaggo!" Darakta ya dafe kai. Ya ce marainiyar ƙauye ba ta san wannan kalmar ba, kuma a Kano za a sayar da fim ɗin, in suka ji haka za su ce ba Hausawa ba ne. Haka ya yi ta gyara mini "ya zo" da "ta zo", domin a bakinmu wani lokacin mace ma "ya zo" ake ce mata. Na kwana biyu ina jin kamar Hausar da na tashi da ita ba ta da kyau. Sai da na girma na gane ba laifin Hausarmu ba ne, kasuwa ce take wurinsu.

Rana ta biyar aka zo fitowar kabari. An tara ƙasa a bayan gari ƙarƙashin wata bishiyar aduwa, aka jera ƙaya a kai. Abin da ake so, in zo da tulu a kai, in sauke, in zauna in kira Innata ina kuka.

Kukan ya ƙi zuwa. Aka shafa mini mantaleta a ƙasan ido, idanun suka kaɗa suka yi ja, ruwa ya zubo, amma darakta ya leƙa kyamara ya ce wannan hawayen yaji ne, fuskar ba ta kuka. Aka sake, aka kuma sakewa. Rana ta take, mai riƙe da kwali hannunsa na rawa, mai kyamara yana ta faɗin batir ɗaya ya riga ya mutu. Na ga darakta ya ja Kawu gefe suna magana ƙasa-ƙasa.

A nan dole in koma baya kaɗan, in faɗi abin da ban faɗa ba a kashi na farko don ban iya ba. Ina da wa, shekara uku ya ba ni. Shi yake riƙe hannuna mu tsallaka titi zuwa makaranta, shi yake ɓare mini rake da haƙoransa. A bazarar 2002 sanƙarau ya kama shi. Ƙasarmu tana cikin yankin da wannan ciwo yake zagayowa lokacin zafi da ƙura, kuma ba ya ba da lokaci. Ranar Talata ya ce kansa na ciwo, Laraba wuyansa ya sanƙare, kafin asubar Juma'a babu shi. Da aka zo fita da shi aka kulle ni a ɗakin maƙwabta. Ta ramin ƙofa na ga ƙafafun maza suna wucewa. Tun daga ranar, ba a ambaton sunansa a gidanmu, domin in aka ambata Inna ba ta cin abinci.

Kawu ya dawo ya tsuguna gabana. Ya kira ni da sunan da ake kirana a gida, ya nuna tarin ƙasar ya ce, "Kin san ba a bar ki kin je kabarin Yayanki ba. To ki ɗauka shi ne a nan. Yana jin ki. Ki gaya masa abin da kike so."

Ban san lokacin da tulun ya faɗi ba. An ce mini in kira "Inna", kuma bakina Inna yake kira, amma wanda nake gani shi ne, da rigarsa ta makaranta mai yagaggen aljihu. Na kifa kan ƙasar nan mai zafi, ƙaya tana sukar hannuna ban ji ba. Duk kukan da aka hana ni shekara guda ya taso gaba ɗaya. Can sai na ji muryar mai kyamara yana cewa kaset ya cika, a jira ya sa wani. Darakta ya matso kusa da kunnena ya ce, "Riƙe shi, riƙe shi, kada ki bari ya tafi." Yarinya 'yar shekara tara ake gaya wa ta riƙe kukan ɗan'uwanta har a canza kaset. Kuma na riƙe. Da aka ce an gama, mutane suka yi tafi, ni kuwa na kasa tsayawa. Matar nan ce ta goya ni a bayanta har bakin titi, tana faɗa da su duka da Fulatanci.

Ba na rubuta wannan don a zagi Kawu. Ya rasu, kuma ya nemi gafarata kafin ya rasu, na yafe masa duniya da lahira. Shi kansa a lokacin bai wuce ashirin da biyar ba, gani yake ya taimaki aiki. Amma har yau in na ga an ɗora bidiyon ƙaramin yaro yana kuka a waya, mutane suna yaba iya wasansa, tambayar da take fara zuwa mini ita ce me aka raɗa masa kafin a kunna.

Sallamata jaka biyar ce, wato sefa dubu biyar, da rigar da na sa a fitowar ƙarshe. Inna ta ƙara kuɗin a jarinta na soyayyen kifin Lagdo. Bayan kwana goma Baba ya dawo, ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundare sannan mota zuwa Garwa, ya kawo mini takalmin roba ja. Ba wanda ya ce masa komai. Ni ma an ja mini kunne.

Darakta ya ɗauki kaset-kaset ɗin ya bi ta Gashiga da Demsa ya tsallaka Najeriya, daga Yola ya nufi Kano ta Numan da Gombe. A can ake tacewa, a can ake ɗora kiɗan fiyano, kuma tun 2001 akwai hukumar tace fina-finai da sai ta duba kafin a saki fim a kasuwar jihar. Yadda cinikin yake a wancan zamanin, wanda sai daga baya na fahimta, mai fim kwali yake bugawa, wato bangon kaset mai hotuna, ya kai wa 'yan kasuwa irin na Ƙofar Wambai. Su ne suke da injinan kwafa, su zuba fim ɗin a kaset su sa a kwalin. Ribar mai fim tana kan yawan kwalin da aka saya. In wani ya kwafa ya sayar ba kwali, ko ya buga nasa, shi ke nan an sha da kai. Baƙo daga Kamaru, wanda bai da kowa a kasuwar, kun san yadda zai kwashe. Ya dawo bayan wata huɗu ya rame, da kwali ɗaya na kaset a kan babur.

Amma a Garwa fim ɗin ya karɓu. Gidajen kallon bidiyo na unguwa, waɗanda ake shiga da dala biyar ko goma, wato sefa ashirin da biyar ko hamsin, a zauna kan benci, sun yi ta maimaita shi dare da rana. Mutane suna murnar ganin ƙauyen da suka sani da fuskokin da suka sani. Cikin mako guda sunana ya ɓace. A famfo, a islamiyya, a wajen markaɗe, ko'ina "Marainiya" ake kirana. Wata tsohuwa ta tare ni a hanya ta damƙa mini dala ashirin tana hawaye, ta ce Allah ya saka mini zaluncin da matar ubana take yi mini. Na ce mata Innata tana da rai, ta ce in yi shiru, ta gani da idonta.

Mu ba mu da bidiyo, don haka a gidan maƙwabciyarmu Hajiya aka kunna wa matan layinmu bayan la'asar, lokacin maza suna kasuwa. Ɗakin ya cika, har da masu leƙe ta taga. Ina zaune jikin ƙafar Inna. Da farko tana dariya, tana rufe baki da mayafi in na fito, mata suna taɓa ta suna cewa kin haifi 'ya. Da aka zo wurin kabari ɗakin ya yi tsit, sai jan hanci. Na ji ƙafar Inna ta daina motsi. Ba ta yi kuka ba. Ta dai zuba wa talabijin ido har aka wuce wurin, sannan ta miƙe ta kama hannuna muka fita, ba ta ko yi wa Hajiya sallama ba.

A ɗaki ta zaunar da ni bakin gado, ta durƙusa har fuskarta ta zo daidai tawa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Ni na haife ki. Na san kukanki na yunwa, na san na duka, na san na rigima. Wannan sau ɗaya na taɓa jin sa, ta bayan ƙofar maƙwabta. Wa ya kira miki shi?"

Na ce Kawu ne.

Ta ambaci sunan Yaya a hankali, karo na farko cikin shekara ɗaya da rabi. Ta rungume ni, muka yi kukan tare har aka kira magariba, tuwo bai hau wuta ba ranar. Da Kawu ya shigo bayan isha'i da fara'arsa, yana tambayar ko yayarsa ta ga 'yarta, Inna ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Auta, aron yarinya na ba ka. Ban ba ka wanda yake kwance ba." Ya tsaya riƙe da labule, ya kasa shiga ya kasa fita. Wata uku bai sake taka gidanmu ba.

Duk wannan Baba bai sani ba, don shi ba mai kallo ba ne, daga shago sai masallaci. Abokan zamansa kuwa kowa yana jin nauyin ya fara gaya masa. Sai ranar wata Asabar, mai sayar da kaset da ke layin bayan shagonsa a babbar kasuwa ya jera sababbin kwalaye a kan tebur. Baba ya zo wucewa zai je alwalar azahar, ya ga fuskar 'yarsa kwance a kan kabari, da rubutu ja a samanta.

Ranar bai jira la'asar ba ya rufe shago. Ina tsakar gida ina wanke kwanoni na ji tsayuwar babur a ƙofa, sannan sallamarsa, da wata irin murya da ban san shi da ita ba. Kaset ɗin yana hannunsa.

Abin da ya faru a tsakar gidan nan, da dalilin da ya sa na ƙarasa CM2, ajin ƙarshe na firamare, a Marwa wajen Gwaggo, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.