Layin sababbin kuɗi a Hong Kong kafin sabuwar shekarar Sinawa

Duk wanda yake zaune a Hong Kong yakan san sabuwar shekarar Sinawa ta ƙarato tun kafin ya duba kalanda, domin makonni biyu zuwa uku kafin ranar za a wayi gari a ga dogon layi a ƙofar bankuna, akasari tsofaffi ne cikin rigunan sanyi, wasu riƙe da 'yar kujerar naɗewa, wasu da jarida a hammata. Abin da ya fito da su da sanyin asuba shi ne canjin kuɗi. Mutum yakan kawo kuɗinsa ko a cire masa daga asusunsa, a ba shi daidai adadinsu a sababbin takardu fil waɗanda ba su taɓa ratsa hannun kowa ba, don ya zuba su cikin jajayen ambulan ya rabar a kwanakin bikin.

Wannan ambulan ita ce mutanen Hong Kong da na lardin Guangdong suke kira lai see, mutanen Beijing su ce hongbao, Sinawan Singafo da Malesiya kuma su ce ang pao. Bikin yana bin kalandar wata da rana ta Sinawa, shi ya sa ranarsa take yawo tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. A 2024 ta faɗo ranar 10 ga Fabrairu, a 2025 kuma ranar 29 ga Janairu. Hutun hukuma a Hong Kong kwana uku ne, amma rabon ambulan yana ci gaba har zuwa ranar 15 ga watan farko na kalandar Sinawa, daren bikin fitilu. A da can, tsabar kuɗi ake shiryawa a jan zare a ajiye wa yaro kusa da matashinsa, bisa wata tatsuniya da ke cewa suna korar wani aljani mai taɓa kawunan yara a daren ƙarshen shekara. Yau babu mai damuwa da aljanin, amma kyautar ta zauna daram.

Ni abin da ya shigar da ni cikin wannan layi shi ne sana'a. Ina da ɗan ofishin tura kaya a unguwar Tsim Sha Tsui, ba nisa da benen Chungking Mansions inda 'yan kasuwarmu suke saye da sayar da wayoyi, kuma wani maƙwabcin shagona, dattijon Basine mai sayar da akwatuna, shi ne ya fara zaunar da ni ya yi mini bayanin ƙa'idar. Mai aure shi ne yake bayarwa, marar aure shi ne yake karɓa, komai shekarunsa, sannan babba yana bai wa na ƙasa da shi, maigida kuma yana bai wa yaransa na aiki a ranar da aka koma bakin aiki. A nan kudancin ƙasar Sin kyautar ba ta tsaya ga 'ya'ya da jikoki ba. Maigadin bene yana da rabo, haka mai shara, da mai kawo saƙo, da ma'aikacin gidan shayin da ka saba zama, da yaron da ke tura maka kwalaye a amalanke. Dattijon ya ce mini baƙo ba shi da laifi idan bai bayar ba, amma baƙon da yake da aure, yake da ofis, yake wucewa ta gaban maigadi safe da yamma, to a gaskiya ya daina zama baƙo. Ban sami abin musu a maganarsa ba. Ni dai na ɗauki abin a matsayin kyautata wa maƙwabci da ma'aikaci, babu wata bauta a cikinsa, kuma hankalina a kwance yake a kan haka.

Kafin a je banki sai an zauna an yi lissafi, kuma lissafin yana da 'yan dokokinsa. An fi son takarda ɗaya tak a cikin kowace ambulan, a miƙe, ba a haɗa ta da tsaba, domin ambulan mai kumburi ko mai ƙara tana tona asirin mai bayarwa. Ana gudun lamba 4 saboda furucinta ya yi kama da na kalmar mutuwa, don haka babu mai sa dala 40 ko 400, ana kuma son lamba 8 saboda furucinta ya yi kusa da na arziki. Mata da miji sukan miƙa ambulan biyu tare, ɗaya da sunan kowannensu, sai ka ga lissafin ya ninka. Dala 20 ta Hong Kong ita ce abin da ake bai wa wanda aka sani sama-sama, 50 ko 100 ga wanda ake hulɗa da shi kullum, 500 ko 1,000 kuwa sai 'ya'yan gida da iyaye. Tunda an ɗaure dalar Hong Kong da ta Amurka a wajen 7.8 tun 1983, dala 20 ba ta kai dalar Amurka uku ba. Ke nan kuɗin ba shi da yawa, yawan mutanen ne yake sa aljihu ya ji a jikinsa, kuma shi ya sa takardun 20 da 50 suke fara ƙarewa a kantar banki.

Wani abu da yakan ba sabon zuwa mamaki shi ne cewa a Hong Kong bankunan kasuwanci uku ne suke fitar da takardun kuɗi, wato HSBC da Standard Chartered da Bank of China reshen Hong Kong, kowanne da nasa zanen, sai takardar dala 10 kaɗai da gwamnati take fitarwa da kanta, wadda tun 2007 ake yin ta da roba. Duk a ma'aikata ɗaya ake buga na bankunan uku, a yankin Tai Po, kuma babu bankin da zai fitar da takarda sai ya ajiye daidai ƙimarta a dalar Amurka a asusun hukumar kuɗi ta yankin. A jerin takardun da aka fara fitarwa a 2018, bayan shuɗiyar takardar 20 yana ɗauke da zanen al'adar zaman shan shayi da 'yan ƙananan abinci, koriyar 50 tana da malam-buɗe-littafi, jar 100 kuma tana da 'yan wasan gargajiyar Guangdong. Ta 100 ɗin tana da farin jini na musamman a wannan lokaci, don kuwa ja ce za ta shiga cikin ja.

Rassan waɗannan bankuna uku su ne layinsu ya fi tsawo. A shekarun baya-bayan nan sukan buɗe da ƙarfe 8 na safe a kwanakin farko na canjin, su raba tikitin lamba a bakin ƙofa, sannan akwai damar kama gurbi ta intanet ga wanda ya iya. Matasa sun rungumi intanet ɗin, tsofaffi kuwa sun fi yarda da ƙafafunsu. Na taɓa tsayawa bayan wata tsohuwa wadda ta fito da takardar lissafinta daga cikin jakar leda, ta rubuta sunayen jikoki da na 'ya'yan maƙwabta a jere, kowane suna da adadinsa a gefe, tana bi tana dangwala biro tana motsa leɓe. Da ta isa gaban kashiya, tambayar farko da aka yi mata ita ce wadda ake yi wa kowa: sababbi dal take so, ko waɗanda suka yi kamar sababbi? Ko ɗaga kai ba ta yi ba ta ba da amsa. Aka miƙo mata bandir mai takarda 100 ɗaure da farar takarda, gefensa a daddatse kamar an yanka da reza, lambobin suna bin juna ɗaya bayan ɗaya. Ta lanƙwasa kusurwa ta sake, ta saurari ƙarar, sannan ta nemi a ƙara mata jajayen ambulan masu tambarin bankin da ake bai wa masu asusu kyauta. Kowane banki yana da iyakar abin da zai canza wa mutum ɗaya, saboda haka mai dangi da yawa yakan zagaya rassa ko ya turo matarsa ta bi nata layin.

Idan ka tambayi Basine dalilin nacewa a kan sabuwar takarda, zai ce maka sabuwar shekara komai nata sabo ne. Ana share gida ƙal kafin ranar, ana yin aski, ana sayen sababbin tufafi, ana ƙoƙarin biyan bashi, don haka bai dace a buɗe wa yaro shekara da takardar da ta sha yawo a kasuwar kifi ba. Wannan gaskiya ne, amma ni a ganina akwai wani abu bayan haka. Dala 20 kowa yana da ita a aljihu, kuma bayar da ita ba ta nuna komai. Sabuwar dala 20 kuwa tana shaida cewa mai bayarwa ya tuna da kai tun makonni kafin ranar, ya sa sunanka a lissafi, ya bar barcinsa ya je ya tsaya a layi. Maigadin da ya buɗe ambulan ɗinsa da daddare ya ga miƙaƙƙiyar takarda ya san ba a bakin ƙofa aka laluba aljihu aka cusa masa ba.

Hukumomi suna kallon lamarin ta wata fuska, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Yawancin takardun nan kwana kaɗan suke yi a hannun jama'a, yara su tara su, iyaye su mayar da su banki, su taru a ma'ajiya fiye da abin da kasuwa take buƙata, alhali an kashe auduga da tawada da wutar lantarki da kuɗin sufuri wajen samar da su. Shi ya sa hukumar kuɗi ta Hong Kong ta daɗe tana roƙon mutane su karɓi waɗanda suka yi kamar sababbi, wato takardun da suka taɓa fita amma na'ura ta tantance cewa ba su yi datti ko yamutsewa ba. A Singafo, inda hukumar kuɗi ta ce tana fitar da sababbin takardu kimanin miliyan 100 a shekara saboda wannan biki da makamantansa, tun 2021 manyan bankunan ƙasar uku suka wajabta kama gurbi ta intanet kafin a je canji, in ban da masu shekara 60 zuwa sama da masu buƙata ta musamman. A babban yankin Sin kuwa waya ce ta shiga tsakani. Manhajar WeChat ta fito da jar ambulan ta waya a 2014, mai iyakar yuan 200 a kowace guda, kuma a daren jajibirin bikin 2015 kaɗai an aika sama da biliyan ɗaya. Abokan cinikina na Guangzhou ta nan suke aiko wa juna gaisuwa, wani ya jefa ambulan a zaure, kowa ya yi rige-rigen dangwalawa ya ga abin da ya samu.

Na yarda da hujjar almubazzaranci, kuma yanzu rabin abin da nake canzawa daga masu kama da sababbi ne, don in ba ka jera su kusa da juna ba da wuya ka gane bambanci, layinsu kuma gajere ne. Ta waya ce dai ban ga yadda za ta maye gurbin takarda a benenmu ba. Ana miƙa lai see da hannu biyu, ana karɓa da hannu biyu, mai karɓa ya ce kung hei fat choy, fatan arziki ke nan, ya ƙara da fatan lafiya, sannan ya sa a aljihu ba tare da ya buɗe a gabanka ba. Ba zan tsayar da dattijuwa mai goge bene in ce ta karanto mini lambar wayarta don in tura mata dala 50 ba, ita ma ba za ta so haka ba.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya fahimci wannan, domin duk wanda ya yi yawon Sallah yana yaro ya san bambancin goron Sallah da sabuwar naira da na tsohuwa mai ɗinki da salatif. Inda muka bambanta shi ne hanyar samun kuɗin. A Hong Kong ka ba da dubu biyu a ba ka dubu biyu a kan kanta, babu ƙarin ko sisi. A gida kuwa sau da yawa sai ka rasa sababbin kuɗi a banki, ka same su a bakin titi ko a ƙofar wurin biki a hannun masu sayarwa da riba, duk da cewa dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta haramta sayar da naira da yin liƙi da ita, da hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Musulmin Malesiya su ma sun ari ambulan ɗin daga maƙwabtansu Sinawa, suka mayar da ita koriya, suna zuba wa yara kuɗin ƙaramar Sallah a ciki, kuma su ma bankunansu suna cika kafin Idi.

A 2026 sabuwar shekarar Sinawa ta faɗo ranar 17 ga Fabrairu, dab da kamawar azumi, ƙaramar Sallah kuma ta biyo baya da wata guda da 'yan kwanaki. Saboda haka lissafina na canji ya ƙaru da bandir ɗaya na dala 20, wanda ba zai shiga jar ambulan ba. Na ware shi ne don yaran da za su yi mana barka da Sallah a harabar masallacin Kowloon da ke kan titin Nathan bayan an sauko daga Idi, 'ya'yan 'yan Pakistan da 'yan Indonesiya da namu na Afirka ta Yamma, waɗanda a Hong Kong aka haife su, kuma sun iya duba takarda su gane sabuwa ce ko mai kama da sabuwa fiye da ni.