Randar Fandora

A darasin adabin duniya malaminmu ya raba mana tatsuniyoyin Girkawa, kowa ya rubuta shafi biyu a kan tasa. Ni Fandora ta faɗo mini, har na yi murmushi. Ai na cinye wasan God of War a PlayStation ɗin yayana, me kuma ya rage? A daren na rubuta abina daga ka: akwati, Kiratos jarumin wasan ya buɗe shi ya zama ƙato, ya kashe Ares gunkin yaƙi.

Takardar ta dawo da jan layi a ƙarƙashin kalma guda, akwati. A gefe malam ya rubuta: "Wa ya gaya maka?"

Sai da na koma wajen Hesiyod, mawaƙin da ya ba da labarin wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa. Furometiyus ya sato wa mutane wuta, Ziyus sarkin gumaka ya fusata, ya sa aka gina mace da laka, wato Fandora, aka aika wa Efimetiyus a matsayin kyauta. Ɗan'uwansa Furometiyus ya riga ya gargaɗe shi kada ya karɓi komai daga hannun Ziyus, amma ya karɓa. Abin da ta buɗe kuwa pithos ne, wato ƙatuwar randa ta ajiyar hatsi da mai. Wani masani mai suna Erasmus ne a ƙarni na 16 ya mayar da ita akwati a Latin, duniya ta bi shi.

Wannan gyaran mai sauƙi ne. Inda na sha wuya shi ne abin da ya maƙale a bakin randar bayan cututtuka da wahalhalu sun watse: elpis. Na fassara shi "fata", malam ya ce in sake dubawa. Kalmar tana iya zama fata nagari, tana iya zama tsammani kawai, har da irin tsammanin warabbukan da ya hana malam noma. To in randar kurkukun masifu ce, me fata yake yi a cikinsu? In kuwa rumbun ajiya ce, an adana mana shi ne ko an hana mu? Hesiyod bai yanke hukunci ba.

Waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun yanke. A kashi na uku, na 2010, an nuna cewa sharrin da ya fita ya kama gumakan Olimfas da kansu, tsoro ya shiga Ziyus, fata kuma ya shige jikin Kiratos ya zama ƙarfinsa. Ban ga laifinsu ba, wanda ya kwana yana danna maɓalli dole a ba shi abin da zai riƙe a ƙarshe. Laifina ne da na ɗauki amsarsu na liƙa wa Hesiyod.

A rubutu na biyu na sa "tsammani", na bar tambayar a buɗe. Malam ya ba ni maki mai kyau, amma ya ƙara da cewa shi "sa rai" zai zaɓa. Har yau ba mu daidaita ba.