Canza kalmar sirri kaɗai ba ya korar ɗan kutse

Mu uku ne a ɗan kamfanina. Da gyaran kwamfuta muka fara, amma yanzu yawancin masu zuwa kukansu ɗaya ne: "An yi mini kutse a imel."

Tambayata ta farko ita ce, da wace waya ko kwamfuta ka saba shiga? Da ita muke neman dawo da asusun, don Google ya fi yarda da na'urar da ya sani. Tsohuwar kalmar sirri ma, in an tuna ta, tana taimakawa. Wani a dace nan take, wani sai ya yi haƙurin kwanaki.

Ainihin aikin kuwa sai an shiga yake farawa. Wata 'yar kasuwa ta canza kalmar sirrinta da kanta, ta saki jiki. Bayan makonni, abokin cinikinta ya zuba kuɗi a asusun bankin da ba nata ba. Da muka buɗe saitin akwatinta, sai ga umarni layi ɗaya tak: duk saƙon da ya ambaci biyan kuɗi a tura kwafinsa wani adireshi. Ɓarawon yana can yana karantawa, yana amsa wa mutane da adireshin da harafi ɗaya ne ya bambanta shi da nata. Har yau abin yana yi mini ciwo, don duba na minti biyar da ya hana wannan asara.

Shi ya sa ba na sallamar kowa sai mun bi umarnin tura saƙo ɗaya bayan ɗaya, mun duba lambar waya da adireshin dawo da asusu, mun fitar da duk na'urar da ba a sani ba. Sannan mu koma kan Facebook da sauran wuraren da aka maimaita kalmar sirri ɗaya. Kutsen Yahoo na 2013 ya shafi asusu biliyan 3, kuma bayanan da aka sace ba sa ruɓewa, ana ta gwada su a wasu shafukan.

Sai tabbatarwa ta mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an shigar da wata lamba kafin a shiga. Na fi son manhaja irin Google Authenticator, mai ba da lambobi 6 da ke canzawa duk daƙiƙa 30, a kan lambar da ake turowa ta saƙon waya, domin layin waya ana iya sace shi. Lambobin ko-ta-kwana guda 10 kuma, waɗanda Google ke bayarwa don shiga idan wayar ta ɓace, a takarda nake sa a rubuta, a adana nesa da wayar.

Sabuwar kalmar sirri dai mai ita ne ke shigar da ita da hannunsa. Ko ya ce, "Ai na yarda da kai," sai na miƙa masa kwamfutar na kau da kai.